Wata takwas ina kai 'yata wajen koyon tsaron raga a Legas, ga abin da na gani

Mutane da yawa a nan Agege sun tare ni da tambaya a kan wajen da nake kai yarinyata tirenin, wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar, wasu a Abbatuwa muna tsaka da ciniki, wani bawan Allah ma har gida ya biyo ni shi da 'yarsa. To na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa shawara. Ba zan kama sunan wajen ba, ba zan kama sunan kocin ba, saboda akwai abubuwan da ba su yi min daɗi ba da zan faɗa, kuma ba na so a ce na zo taɓa wa baiwar Allah hanyar abincinta. Wanda yake da niyyar kai 'yarsa da gaske ya san inda zai same ni.

Wajen dai makaranta ce ta masu tsaron raga zalla, kuma mata zalla, a filin wata makarantar boko tsakanin Mushin da Surulere. Mace ce ke koyarwa, Bayarabiya ce, ta yi gola a gasar mata ta cikin gida shekarun baya kafin gwiwa ta ajiye ta, sai wani saurayi da ke taimaka mata wajen buga wa yara ƙwallo. Asabar da Lahadi da safe ake yi, in an yi hutun makaranta a ƙara Laraba. Yaran ba su da yawa, ranar da suka cika ba su wuce goma sha huɗu ba, daga 'yar shekara 10 zuwa 17, kuma 'yata ce kaɗai Bahaushiya a cikinsu har zuwa yau.

Yadda aka yi muka kai ga nan kuwa, ita 'yar tawa shekararta 13 yanzu, tun tana ƙarama yayyenta maza in za su buga ƙwallo a lungu ita suke turawa tsakanin duwatsu biyu su ce ke tsaya nan, don ba sa so su ba ta fas. A haka ta saba, a haka kuma abin ya shiga ranta. Ranar da na gane abin ya wuce wasan yara ita ce ranar wasan Najeriya da Kanada a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023, an take wasan ƙarfe uku da rabi na dare agogonmu, na tashi na kunna talabijin a hankali kada in tashi mutanen gida, sai kawai na ga yarinya ta fito da bargo ta zauna kusa da ni. Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka ba Kanada fenariti, Christine Sinclair ce za ta buga, matar da babu wani mahaluki namiji ko mace da ya kai ta cin ƙwallo wa ƙasarsa, 190 ta ci kafin ta ajiye takalmi. Golarmu Chiamaka Nnadozie ta kwanta hagunta ta ture ƙwallon nan, aka tashi babu ci. Yarinyar nan ba ta yi ihu ba, shiru ta yi, can sai ta ce min Abba ka ga ba ta motsa ba sai da matar ta ɗaga ƙafa. Ni ina murnar an tare, ita tana kallon yadda aka tare. Duk da haka sai da na ja ƙafa shekara biyu, sai bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a Rabat a watan Yulin 2025, da Maroko ta sa mana biyu kafin hutu muka dawo muka ci 3-2 muka ɗauki kofi na goma, aka kuma ba Nnadozie kyautar golar gasar, sannan mahaifiyarta ta ce min Alhaji ko dai ka kai ta inda za ta koya da kyau ko ka hana ta gaba ɗaya, wannan faɗuwar da take yi a kan siminti wata rana hannu za ta karya. Maganarta gaskiya ce.

Abu na farko da ya sa na amince da matar nan, tun ranar da muka je ban ma buɗe baki a kan sutura ba ita ta fara. Ta kalli yarinyar da hijabinta ta ce babu matsala ko kaɗan, ta ce a duk filin ƙwallo babu gidan da ya dace da 'yar Musulmi kamar raga, domin dokar ƙwallo da kanta ta yarda gola ya sa dogon wando, riga kuma mai dogon hannu ce dama ta fi masa saboda faɗuwa, ga safar hannu, ga doguwar safa, to me ya rage a waje in ban da fuska. Ni wallahi duk shekarun da na yi ina kallon ƙwallo ban taɓa kawo wannan a raina ba. Rufe kai ma tun 2014 aka halatta shi a dokar wasa, sharaɗin kawai ya zama baƙi ko kalar rigar, kada a haɗe shi da rigar, kada a sa masa fil ko wani abu mai tsini da zai ji wa wani ciwo. Kuma mun gani da idonmu a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta. Mahaifiyarta ta ɗinka mata guda biyu da yadi mai talewa, baƙaƙe, masu kama kai ba sa zamewa ko ta yi tsalle. Wannan bayanin shi na kai wa Hajiyarmu da Yaya babba lokacin da suka ce ba su yarda ba, ban ce sun gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma Hajiya da ta ga bidiyon jikarta a rufe ruf cikin 'yan'uwanta mata ta ce to Allah ya tsare, in dai ba za a taɓa mata Islamiyya ba. Islamiyyar muka mayar ta ajin yamma.

Koyarwar kuma ita ce inda kuɗina ya halatta. Wata guda cur yarinyar nan ba a buga mata ƙwallo mai ƙarfi ko ɗaya ba, har na fara jin haushi ina cewa a raina daga Agege zuwa Oshodi, daga Oshodi a sake shiga wata danfo, mu biyu, zuwa da dawowa, don kawai a koya mata kwanciya a ƙasa? Faɗuwa ake koya musu. Daga zaune, sai daga durƙushe, sai daga tsugune, sannan daga tsaye, a faɗi a kan gefen jiki, cinya da haƙarƙari da kafaɗa, ban da gwiwar hannu ban da ruf da ciki, ƙwallon ta riga jiki taɓa ƙasa, hannu ɗaya a bayanta ɗaya a samanta. Sau ɗari sau ɗari biyu. Na yi mata magana na ce Koci yaushe za a fara ainihin abin, ta ce min Alhaji wannan shi ne ainihin abin, golar da ba ta iya faɗuwa ba tsoron ƙasa za ta riƙa ji, mai tsoron ƙasa kuwa kullum a makare take tashi. Yanzu da nake kallon yarinyar tana shiƙa kanta gefe ta miƙe kamar ba a yi ba, na gane.

Bayan faɗuwa sai ƙafa. Ita a wajenta ƙafa ce ke tare ƙwallo, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, kuma ragar da maza ke tsarewa ita mata ke tsarewa ba a rage ko taƙi ɗaya ba, alhali yawancin mata ba su kai maza tsayi ba, to yarinyar da ba ta iya ɗan gajeren takun nan na gefe da sauri ba, ba ta iya fitowa ta rage wa mai bugu fili ba, ko ta kai wa tsalle ba za ta kai kusurwa ba. Tana ɗaura igiya biyu a turakun raga ta ja su zuwa inda ƙwallo take, yarinya ta tsaya a tsakiya ta gani da idonta yadda in ta matso gaba taku uku ragar ke tsukewa a bayanta, in kuma ta wuce gona da iri a ɗaga mata ta sama. Dabara ce mai sauƙi, igiyar shanya ce fa, amma ni da na yi shekara talatin ina kallon ƙwallo ranar na fahimci abin da ake nufi da gola ya tsaya daidai. Kamun ƙwallo ma kala-kala ne, ta sama a haɗa manyan yatsu a bayanta, ta ciki a rungume, ta ƙasa a kwashe da hannu biyu jiki na bayanta, ta bugun kwana kuma a tashi da ƙafa ɗaya a ɗaga gwiwa don kare kai, a kuma buɗe murya da ƙarfi kowa ya ji gola ta fito. Wannan buɗe muryar ita ta fi ba 'yata wahala, kun san tarbiyyarmu, yarinya ba ta ɗaga murya gaban manya, sai da matar nan ta yi wata biyu tana fama da ita, tana ce mata a cikin layin nan ke ce uwar gida, kowa maganarki yake jira.

Wani abin da ya burge ni, tana bin dokokin da ke sauyawa. A kan fenariti ta zaunar da su ta nuna musu a waya abin da ya faru da Nnadozie a Faransa a 2019, lokacin tana 'yar shekara 18. A wasan da ya gabata da Koriya ta Kudu mun ci 2-0, ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasan kofin duniya na mata ba a zura mata ba, sai ga wasa da masu masaukin baƙi, Wendie Renard ta buga fenariti ya bugi turke ya fita, muna murna, VAR, wato na'urar bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa, ta ce ƙafar golarmu ta bar layi kafin a buga, aka ba ta katin gargaɗi aka ce a sake, Renard ta sake ta ci, aka tashi 1-0. Har yau in na tuna abin yana min ciwo. To kocin nan ba ta tsaya zagin alƙalin wasa ba, cewa ta yi ku kalli ƙafarta, doka ta ce ko da ƙafa ɗaya ce ta kasance a kan layi lokacin da aka buga, sannan ta nuna musu na Sinclair bayan shekara huɗu, ƙafa na kan layi daram. Ta ce wannan ita ce golar da ta koyi darasi. Haka sabuwar dokar nan ta daƙiƙa takwas da ta fara aiki a 2025, gola ta riƙe ƙwallo a hannu fiye da haka a ba abokan hamayya bugun kwana, a kowane tirenin za ka ji tana ƙirga musu da ƙarfi har su saba sakin ƙwallo da wuri, ko jifa ko mirginawa ko bugu. Kuma rabin awa na ƙarshe ba a taɓa ƙwallo da hannu sam, fas ne da ƙafar dama da ta hagu, don tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya maido masa da ƙafa, yanzu kuwa kulob ba ya ɗaukar golar da ƙafarta ba ta da kyau.

To yanzu abin da bai yi min ba, kuma ba kaɗan ba ne.

Filin ba shi da kyau, gaskiya ba shi da kyau ko kaɗan. Ciyawa sai a gefe-gefe, gaban raga inda yaran ke faɗuwa jar ƙasa ce da tsakuwa. Da ruwan Satumba da Oktoba ya sauka wajen ya zama kududdufi, sau uku muna zuwa tun daga Agege a ce yau ba tirenin, kuma ba a sanar a WhatsApp ba sai da muka iso, kuɗin mota ya tafi a banza, ba a kuma rama mana ranakun ba. Da hunturu ya shigo ƙasar ta bushe ta zama kamar kwalta, yarinya ta dawo gida kwankwaso duk ya yi baƙi. Kocin na zuwa da tsofaffin katifu biyu na soso tana shimfiɗawa ƙananan, kuma kafin a fara kowa sai ta bi ta tsince duwatsu, na yaba da ƙoƙarin amma wanda ke karɓar kuɗin mutane duk wata ya kamata ya nemi fili mai ciyawa ko na roba ko sau ɗaya ne a wata. Na san hayar irin waɗannan filayen a Legas ba wasa ba ne, na kuma faɗa mata mu iyaye a shirye muke mu yi karo-karo, har yanzu dai maganar tana nan a za a duba.

Babu wajen canza kaya, babu banɗaki mai kyau. 'Yan mata ne fa, wasu sun fara girma. 'Yata daga gida take shiryawa ta ɗora doguwar riga a sama, in an tashi ta mayar da ita a kan kayan da suka jiƙe da gumi da ƙasa mu shiga mota a haka. Sannan ƙarfe goma na yi wata ƙungiyar samari ke karɓar filin, kuma tun tara da rabi sun fara taruwa a gefe suna kallo suna surutu, in an fara a makare, wanda kuma ana yawan yi, to ƙarshen tirenin a gabansu ake yi. Shi ya sa ban taɓa barinta ta je ita kaɗai ba, ranar da kasuwa ta riƙe ni yayanta ke kai ta ya zauna har a tashi. Duk wanda zai kai 'yarsa ya sa wannan a lissafi, ba waje ba ne da za ka ajiye yarinya ka juya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ranar da ta bugu a yatsa. Kocin ba ta nan ta tafi wani biki, saurayin nan ne ke riƙe da yaran, ya buga wata ƙwallo mai ƙarfi daga kusa, irin wadda ko babba sai ya ji ta, ta sami yarinyar a kan ɗan yatsanta na kusa da ƙarami. Nan take ya kumbura. Ina daga nesa na hango ya kama yatsan zai ja wai ya gyara, na taso da gudu na ce kar ka kuskura. Babu ƙanƙara, babu bandeji, babu komai a jakarsu sai man zafi. Na ɗauke ta muka tafi asibiti aka yi hoto, Allah ya taimaka ba karaya ba ce targaɗe ne, aka haɗa shi da na kusa da shi aka naɗe, ta yi sati uku ba ta kama ƙwallo ba. Da kocin ta dawo ta kira ni ta ba da haƙuri sosai, ba ta kare yaron nata ba, kuma daga ranar akwai kula mai ƙanƙara da akwatin magani a gefen fili, ta kuma hana shi buga wa 'yan ƙasa da shekara 15 ƙwallo daga kusa. Na karɓi haƙurin. Amma abin da ya kamata a ce yana nan tun ranar farko ne, ba sai 'yar wani ta ji ciwo ba.

Maganar kuɗi, abin da ake biya a wata bai fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a ba, ni kuɗin motarmu na wata ma ya fi kuɗin makarantar. Inda kuɗi ke tafiya shi ne safar hannu. A nan ma ina da ƙorafi, akwai wani da ke kawo safar hannu filin yana sayarwa, kuma yadda ake nuna wa iyaye kamar dole a wajensa za a saya, na farko a wajensa na saya, da na shiga shagunan kayan wasanni na wajen babban filin wasa na Surulere na ga irinta sak a ƙasa da haka sosai. Kuma wata shida ba ta yi ba, sati shida ta yi tafin ya ɗaɗɗaye. Daga baya na fahimci ba wai jabu ba ce, irin mai laushin nan ce da aka yi don ciyawa, tana kama ƙwallo kamar danƙo amma ƙasa mai tsakuwa na cinye ta kamar wuta. Shawarata ga iyaye, a sayi biyu. Ɗaya mai tauri mai araha ta tirenin, ko ta gwanjo ce in an dace a Katangowa, ɗaya mai laushi a ajiye sai ranar wasa. A ɗan jiƙa tafin da ruwa kafin a fara, in an gama a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba omo, a shanya a inuwa, rana tana busar da ita ta farfashe. Kuma a koya wa yarinya in za ta tashi daga ƙasa ta dunƙule hannu ta dogara, kada ta dafa da tafi. Girman kuma kada a saya mai yawa wai don ta girma da ita, yatsa na yawo a ciki shi ke kawo buguwa. Akwai mai ƙarfe-ƙarfen roba a bayan yatsu da ke hana su lanƙwashewa baya, bayan ciwon nan ita na so in saya mata, kocin ta ce ta sa na ɗan lokaci har yatsan ya warke amma kada ta dogara da ita, hannu ya koyi ƙarfinsa da kansa. Wando mai soso a kwankwaso kuwa a wannan filin wajibi ne.

Akwai magana ɗaya da matar nan ta yi da ta sa duk da waɗannan matsalolin ban cire yarinyar ba. Lokacin da aka sanar da kyautar dala 100,000 ga kowace 'yar Super Falcons bayan kofin Maroko, iyaye sun yi ta kwararowa da yara, kowa na ganin ga hanyar arziki. Ta tara mu a gindin bishiya ta ce duk wanda ya kawo 'yarsa don a kai ta Turai ya ɗauki kuɗinsa tun yanzu, ita ba ejan ba ce, ba ta da hanyar biza, kuma duk wanda ya ce mana a ba shi kuɗi zai kai yarinya gwaji waje mu guje shi. Ta ce a tuna kowace ƙungiya gola ɗaya take sakawa, 'yan baya huɗu ne, 'yan tsakiya uku ko huɗu, amma raga mutum ɗaya ce, kuma in ta kama wajen sai ta shekara goma ba ta saki ba. Ku duba tarihinmu, Ann Chiejine ce tun kofin duniya na farko a 1991, sai Precious Dede ta zo ta je kofin duniya huɗu daga 2003 zuwa 2015, sai Tochukwu Oluehi, sai Nnadozie, shekara talatin da wani abu sunayen da za ka lissafa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ita kanta Nnadozie daga jihar Imo ta fito, ta yi Rivers Angels a Fatakwal, ta tafi Paris FC a 2020 ta yi shekara biyar tana tare fenariti har suka ɗauki kofin Faransa a 2025 a hannun PSG, sannan ta koma Brighton a Ingila, ga kyautar golar Afirka sau uku a jere daga 2023, to wadda ke bayanta a benci fa, ita ma ƙwararriya ce amma wa ya san ta. Wasu iyayen ba su ji daɗin maganar ba, cikin wata biyu rabinsu sun daina zuwa. Ni kuwa a ranar na ji hankalina ya kwanta da ita, don a garin nan wanda zai karɓi kuɗinka ya kuma faɗa maka abin da ba ka son ji ba su da yawa.

Kuma tana duba sakamakon makaranta. Ƙarshen kowane zango sai kowace yarinya ta kawo katinta, wadda ta faɗi lissafi ko Turanci ta zauna a benci sati biyu tana tsinto ƙwallo. Da azumi ya zo ita da kanta ta ce 'yata da sauran Musulmin cikinsu su riƙa yin rabin lokaci, ban da gudu, kamu da fas kawai, kuma ba ta karɓi cikakken kuɗin watan ba.

Ba na cewa 'yata za ta zama wata abu a ƙwallo, Allah kaɗai ya san gobe, Legas ɗin nan dai ta fitar da Asisat Oshoala daga Ikorodu da Rasheedat Ajibade daga Mushin, duka ta hanyar ƙungiyar FC Robo, a Arewa ma akwai Nasarawa Amazons da Adamawa Queens a gasar mata, hanya ba a rufe take ba. Abin da na gani da idona shi ne yarinyar da da in baƙo ya shigo ba ta iya haɗa ido da shi, yanzu tana tsayawa a raga tana tsara 'yan bayanta da murya, an zura mata uku a wani wasan sada zumunci da suka yi da 'yan wata makaranta, biyu laifinta ne, ta fito idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba, a cikin danfo ta karɓi wayata tana maimaita bidiyon tana cewa Abba nan na fito da wuri, nan kuma ƙafata ce ta tsaya.

In 'yarka tana so da gaske, kuma kana da wanda zai riƙa raka ta ya zauna har a tashi, ka kai ta, koyarwar ta fi kuɗin da ake karɓa nesa ba kusa ba. In kai ne ke so ita ba ta damu ba, ko ba ka da mai rakiya, ko yarinyar ba ta kai shekara 10 ba, ka dakata tukuna, filin nan ba na ƙananan yara ba ne. Ka tafi da ruwan sha mai yawa, ka tafi da filasta da bandejinka ko da sun ce suna da shi, kuma in ka ga hadari ya haɗu daren Juma'a ka kira ta da kanka kafin ku fito, kada ka jira saƙo. Ni na biya na wata uku masu zuwa. Akwai mutum biyu a unguwarmu da suka ce za su kawo nasu bayan sallah, in abin ya tabbata za mu riƙa ɗaukar shatar mota ɗaya daga Pen Cinema ƙarfe shida na safe mu raba kuɗin, akwai sauran wajen mutum uku.